Shehu Muhammadu Al-Kashnawi Ɗanrankawi: Rayuwarsa da Aikinsa a Fagen Ilmin Hisabi

Gabatarwa

A duk lokacin da aka tashi lissafa manyan malaman ƙasar Katsina na kafin jihadi, sunayen da suka fi saurin zuwa baki su ne na Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Dalili kuwa a fili yake, domin a birni suka zauna, a nan aka rufe su, kuma har yau ana kiran unguwanni da sunayensu. Amma akwai wani malami da ya biyo bayansu, wanda ya fito daga kudancin ƙasar, ya yi suna a Makka da Masar, kabarinsa kuma yana can Alƙahira. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fullani Al-Kashnawi, wanda ya rasu a shekara ta 1154 ta Hijira, wato wajen 1741 ta Miladiyya. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa tun daga karatunsa har rasuwarsa, sa'an nan ta duba abin da ke cikin aikinsa na hisabi wanda ya haɗa shi da tambayoyin da masana lissafi da kimiyyar fizik da aikin gona suka ci gaba da bincikawa bayansa.

Asalinsa da ƙasar da ya tashi

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan malami ya fito ne daga littafin tarihin Masar mai suna Aja'ibul Asar, na Abdurrahman Al-Jabarti. A cikin jerin sunayen da marubucin ya ba shi akwai Al-Kashnawi, wato Bakatsine, akwai kuma Ad-Danrankawi. Wannan nasaba ta biyu tana nuni da Kurmin Ɗan Ranko, wani tsohon gari a yankin Malumfashi ta yau. Kudancin Katsina a wancan zamani ƙasa ce ta noma da saƙa da rini, mai garuruwa irin su Maska da Gozaki, kuma ta cikinta fatake suke ratsawa zuwa Zazzau da Nufe da Gwanja. Inda fatauci ya kafu kuwa, lissafi ya zama dole. Mai awo yana bukatarsa, alƙali mai rabon gado yana bukatarsa, haka kuma liman da ladan waɗanda ke kula da lokutan salla da tsayuwar wata. Saboda haka a tsarin karatun malaman ƙasar, ilmin hisabi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da fiƙihu da nahawu.

Karatunsa

Al-Kashnawi ya rubuta jerin malamansa da abin da ya ɗauka a wurin kowanne, kuma daga nan Al-Jabarti ya kwaso bayaninsa. An ambaci malamai huɗu: Muhammadu Al-Wali na ƙasar Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Muhammadu Fudu. A wurin Muhammadu Fudu ya karanci yawancin littattafan adabi da sarfu da nahawu. Ya lazimce shi kusan shekara 4, a gida da kuma cikin tafiye-tafiye. Da farko malamin yakan kira shi da laƙabin mai Muƙamatu, saboda ya haddace wannan littafi har ta kai idan aka faɗi kalma ɗaya daga cikinsa yakan kawo wadda ta gabace ta nan take. Da ya gwanance a nahawu sai malamin ya koma kiransa Sibawaihi, sunan shahararren masanin nahawun nan na Basra.

A wurin Shehu Muhammadu Bindu kuwa ya ɗauki fannonin da suka fito da sunansa daga baya, wato ilmin haruffa da aufaƙu, da hisabi, da miƙati, wanda shi ne ilmin gane lokaci ta hanyar lura da rana da taurari. Duk waɗannan ya karance su ne a bisa tafarkin malaman Magrib. Har ila yau a gaban wannan shehi ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Bukhari, ya kuma karanci kashi mai yawa na Mukhtasar na Shehu Halilu. Ke nan ya shiga fagen hisabi ne da cikakken shirin malamin Malikiyya.

Akwai wata ɗabi'a tasa ta karatu da ya kamata ɗalibi ya lura da ita. Bai taɓa karatu da littafin aro ba. Idan ya so ya karanci littafin da ba ya da shi, sai ya kwafe mataninsa da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layuka, domin ya riƙa cike shi da bayanin sharhohi da abin da ya ji daga bakin malami. Wani lokaci ma har sharhin da hashiyar yakan kwafe. Idan aka tuna da tsadar takarda a wancan zamani, wadda sai an ratso Sahara da ita, za a ga irin nauyin da ya ɗora wa kansa.

Tafiya gabas

Da ya ƙoshi da abin da ke wurin malamansa, sai ya nemi izinin shehinsa ya kama hanyar hajji. Ya bar iyalinsa ne alhali suna cikin wadata da kwanciyar hankali, kuma shi da kansa ya ɗauki wannan rabuwa a matsayin shaidar gaskiyar kwaɗayinsa na ilmi. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A ƙasar Barno ya yi zaman wata 5 a wurin wani shehi, inda ya karanci ramli, wato bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta labarin abin da ya gani a wannan tafiya.

Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142, wato 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. A can ya soma rubuta babban littafinsa, Ad-Durrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan wani littafi da ake danganta wa Fakhruddin Ar-Razi. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa 5 da rufewa, ya kuma gama shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733. A tsakanin waɗannan shekaru ne, wajen 1732, ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafinsa na haruffa da aufaƙu. Ban da waɗannan yana da waƙa a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wadda ya yi wa sharhi mai girma, da kuma littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

Abin da ake nufi da wafaƙi

Wafaƙi, wanda jam'insa shi ne aufaƙu, shi ne abin da Bahaushe ya fi sani da hatimi. Zane ne mai kusurwa huɗu da aka rarraba gida-gida, aka zuba lambobi a ciki ta yadda jimlar kowane layi a kwance, da kowane layi a tsaye, da layuka biyun da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, duk za ta zo daidai. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ta ko'ina aka tara, 15 za a samu. Ana iya gane wannan jimla tun kafin a zana hatimin. Sai a ninka yawan gidajen layi ɗaya da kansa, a ƙara 1, a ninka abin da aka samu da yawan gidajen layin, a raba biyu. Da haka mai gida biyar-biyar yake ba da 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369.

Tun da a wurin malamai kowane harafi yana da adadinsa, ana iya cika hatimi da haruffa a maimakon lambobi. A nan ne tafarkin Magrib da Al-Kashnawi ya koya ya bambanta da na Gabas. A ƙidayar Magrib harafin shinun 1000 ne, a ta Gabas kuwa 300 ne. Wannan ƙidaya ta Magrib ita ce marubuta waƙoƙin ajami suke amfani da ita wajen ramzi, wato ɓoye shekarar da aka rubuta waƙa a cikin kalma ɗaya ko biyu a baitocin ƙarshe. Alal misali, shekarar rasuwar wannan malami, 1154, za ta fito daga haruffan shinun da ƙafun da nunun da dalun. Ɗalibin rubutacciyar waƙa da yake warware ramzi, da wani reshe na ilmin Al-Kashnawi yake aiki.

Hanyar gina hatimi

Hatimi mai gida uku-uku ana iya samunsa da gwaji da gyara. Amma mai gida 25 ko 49 ba zai samu da laluben cikin duhu ba, sai da ƙa'ida. Abin da ya jawo hankalin masana lissafi na zamani ga Bahjatul Afaƙ shi ne ƙa'idojin da ya shimfiɗa na gina hatimin da yawan gidajen layinsa wutiri ne. Daga cikinsu akwai masu bin tsallen doki na wasan shaɗaranji, darar Larabawa da Farisawa, inda doki yake tafiya gida biyu a miƙe sa'an nan gida ɗaya a gefe.

Ga misalin yadda irin wannan hanya take aiki. A sa 1 a gidan farko na sama. Daga nan a sauka gida biyu, a matsa gida ɗaya dama, a sa 2, a ci gaba da haka. Idan tsalle ya fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan ya fita ta dama sai a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu da baki. Bayan kowace lamba biyar za a tarar gidan da za a faɗa ya cika, to sai a sa lamba ta gaba a gidan da ke bisa wadda aka sa ta ƙarshe. Abin da zai fito shi ne:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

Mai karatu yana iya tarawa da kansa, zai ga 65 ta kowace fuska. Wannan tsalle yana aiki ga mai gida bakwai-bakwai ma, amma mai uku da mai tara suna bukatar wata dabara daban, shi ya sa littafi irin na Al-Kashnawi yake tara hanyoyi da yawa. Wanda ya riƙe ƙa'ida yana iya gina hatimin da bai taɓa gani ba, yana kuma iya koya wa wani. A nan darajar aikin take ta fuskar lissafi.

Zamansa a Alƙahira da rasuwarsa

A Alƙahira, wadda take ƙarƙashin Daular Usmaniyya a lokacin, ya fara zama ne a wani lungu da ake kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Daga baya ya koma gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wani malamin Hanafiyya wanda kakanninsa suka zo daga gabashin Afirka. Shehu Hasan ya karanci aufaƙu da wasu fannonin sarrafa haruffa da lambobi a wurinsa. A wannan gida ajali ya riske shi a 1154, bayan ya yi wasiyya cewa mai gidan ya kula da dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya rufe shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Abdurrahman, ɗan Shehu Hasan, an haife shi ne fiye da shekara 10 bayan wannan rasuwa, saboda haka a gidan mahaifinsa ya tarar da labarin baƙon da ya zo daga Katsina.

Sanin wannan almajiri nasa yana ƙara haske ga matsayin Al-Kashnawi. Shehu Hasan, wanda ya rasu a 1774, yana cikin ƙalilan ɗin malaman Masar na zamaninsa da suka haɗa ilmin lissafi da aikin hannu. Wajen 1749, da gwamnan Masar Ahmad Basha ya nemi wanda zai tattauna da shi a kan lissafi da falaki, wurinsa aka tura shi, kuma daga karatun da suka yi ne aka sassaƙa agogunan inuwa na dutse aka kafa a masallatai, har da na Azhar. A 1172, wato wajen 1758, da ma'aunan kasuwannin Alƙahira suka rikice, shi ne ya tara maƙera ya sa aka daidaita su, ya kuma rubuta littafi a kan ma'auni. Falaki da sauran fannoni ya ɗauke su ne daga wasu malamai. Duk da haka, mutum mai irin wannan basira ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki karatu, ya kuma sauke shi a gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Tambayoyin da suka ci gaba bayansa

A zamanin Al-Kashnawi wasu masana a wasu ƙasashe suna fama da wannan matsala ta hatimi, kowa ta hanyarsa. A Faransa an buga aikin Frenicle a 1693, wanda ya nuna cewa hatimi mai gida huɗu-huɗu iri 880 ne, idan ba a ƙidaya juyawa da kifewa ba. Mai uku-uku kuwa iri ɗaya ne tak, sai dai ana iya juya shi ya ba da fuska 8. A Amurka, Benjamin Franklin, wanda ya shahara da binciken lantarki, shi ma ya yi ta gina hatimai yana saurayi. Adadin masu gida biyar-biyar bai samu ba sai a 1973, da aka sa kwamfuta ta ƙidaya, aka sami 275,305,224. Na masu gida shida-shida kuwa ya yi yawan da a 1998 wasu masana fizik biyu a Jamus suka ƙiyasta shi da wata dabara da aka ƙirƙiro domin nazarin yadda tarin ƙwayoyin abu suke daidaituwa idan zafi ya sauka. Adadin da suka samu mai lambobi 20 ne a jere.

Hatimi yana da ma'ana ta fuskar nauyi ma. Idan aka sami faifai mai kusurwa huɗu aka raba shi gida 25, aka zuba tsakuwa masu nauyi ɗaya a kowane gida gwargwadon lambar da ke hatimin sama, to faifan zai tsaya a kan tsinke idan aka tokare shi a tsakiya. Dalili shi ne kowane layi yana ɗauke da nauyin da ɗan'uwansa yake ɗauke da shi, babu ɓangaren da zai rinjayi wani. Wannan ita ce ƙa'idar da ma'auni yake aiki da ita, ita ce kuma injiniya yake kiyayewa wajen rarraba kaya a kan gini ko mota.

Amfanin da ya fi kusa da manomin Funtuwa da Malumfashi ya biyo ta wata hanya. A 1782 aka buga wani nazari na Leonhard Euler a kan dangin hatimi, inda ake jera alamomi ta yadda kowace za ta fito sau ɗaya a kowane layi na kwance da na tsaye. A shekarun 1920, Ronald Fisher na tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ya mayar da wannan jeri hanyar tsara gonar gwaji. A ce ana son a gwada irin auduga guda 5 a gonar da gefenta ɗaya jigawa ne, ɗayan kuma ya gangara fadama. Idan aka ba kowane iri kunya ɗaya doguwa, wanda ya faɗa wuri mai dausayi zai yi kyau ko da ba shi ne mafi inganci ba. Amma idan aka yanka gonar gida 25, kowane iri ya fito sau ɗaya a kowane layi, bambancin ƙasa zai rarrabu a kansu daidai. Hatimin da aka gina a sama yana iya zama taswirar wannan gona. A shuka iri na farko a gidajen 1 zuwa 5, na biyu a 6 zuwa 10, haka har na biyar a 21 zuwa 25, za a ga babu layin da iri ɗaya ya fito sau biyu. Wannan tsari yana cikin abin da ake koya wa masu binciken noma, irin na cibiyar Samaru da ke fitar da irin auduga da dawa ga wannan yanki. Euler da Fisher sun bi hanyarsu ne daban da ta Al-Kashnawi, amma tsarin lambobin da suka dogara da shi yana nan kwance cikin hatimin da ake ginawa da tsallen doki.

Matsayinsa

Adalci ga wannan malami shi ne a ajiye shi a zamaninsa. Ya rubuta aufaƙu ne a matsayin reshe na ilmin asirai, tare da ɗalasimai da taurari, kuma wannan fage ne da malamai da yawa suka yi inkarinsa. Ibnu Khaldun ya soki ilmin asirin haruffa a Muƙaddimarsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya yi kakkausan hani ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari. Hukuncin wannan ɓangare yana hannun malaman shari'a. Amma lissafin da ke cikin hatimi abu ne da kowa zai iya gwadawa da alƙalami, kuma sakamakonsa ɗaya ne a Malumfashi da Alƙahira da Landan. Wanda ya watsar da aikin gaba ɗaya da sunan tsibbu ya yi asarar shaidar cewa ƙasar Hausa ta horar da masanin lissafin da Masar ta karɓa. Wanda kuma ya mayar da shi masanin fizik na zamani ya ɗora masa rigar da ba tasa ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi cikin malaman ƙasar nan a Infaƙul Maisuri. A zamanin boko, Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a kan bayaninsa na ramzi a Ibadan a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta gabatar da hanyoyinsa na gina hatimi ga masu karatun Turanci a 1973, ta hanyar kwafin Bahjatul Afaƙ da ke ajiye a Jami'ar Landan.

Kammalawa

An ga yadda Shehu Muhammadu Al-Kashnawi ya tashi daga kudancin Katsina, ya ƙware a nahawu da fiƙihu da hisabi a hannun malaman ƙasashen nan, ya ratsa Barno ya isa Makka a 1730, ya rubuta manyan littattafansa, ya rasu a Alƙahira a gidan almajirinsa. An kuma ga cewa ƙa'idojin gina hatimi suna da dangantaka da daidaiton nauyi da tsarin gonar gwaji. Akwai aikin da ke jiran ɗaliban sashen Hausa a nan. Kalmomi irin su hatimi da ramzi da wutiri da shafa'i sun riga sun zauna a harshen, kuma suna cikin kayan da za a iya gina kalmomin koyar da lissafi da su. Fassara sassan lissafi na Bahjatul Afaƙ zuwa Hausa, tare da haɗin gwiwar sashen Larabci da na lissafi, zai sa ɗalibin Malumfashi ya karanta aikin mutumin ƙasarsu da harshensa. Allah ya jiƙan Shehu Muhammadu, ya gafarta masa, amin.